Me ya sa masoya ba sa tsira a finafinan Faransa na shekarun 1930?

Ɗalibin Faransanci ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Ina karatun harshen Faransanci, kuma daga cikin abubuwan da aka umarce mu mu kalla domin kunnenmu ya saba da maganar mutanen Paris akwai wasu tsofaffin finafinai marasa launi na ƙarshen shekarun 1930, waɗanda masana suka tara a ƙarƙashin suna guda, réalisme poétique, wato salon da yake nuna zahirin rayuwar talaka amma ya lulluɓe shi da ruhin waƙa. Na kalli Pépé le Moko na Julien Duvivier, wanda ya fito a 1937, sannan Le Quai des brumes na 1938 da Le Jour se lève na 1939, waɗanda Marcel Carné ya ba da umarninsu. A dukkansu Jean Gabin ne jarumi, a dukkansu yakan haɗu da macen da za ta sa ya fara ƙiyasta wata sabuwar rayuwa a wani wuri mai nisa, kuma ba a rufe labari sai yana kwance matacce, ko dai an harbe shi ko kuma ya hallaka kansa da hannunsa.

Abin da nake so a warware mini shi ne dalilin hakan. Malaminmu ya ce Faransa ce ta hango yaƙi yana tafe, sai tsoronta ya malalo cikin finafinanta, amma wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin a cikin labaran babu wanda ya ambaci Hitler ko gwamnati, abin da ake gani kawai soyayya ce da kishi da 'yan sanda. Shin marubutan sun yarda ne cewa akwai wata ƙaddara da take bibiyar masoya, ko kuwa dabara ce ta sa masu kallo zubar da hawaye? Sannan ina mamakin yadda ake kiran abin zahiri alhali titunan da gidajen, ko a idon wanda bai san aikin fim ba irina, sun yi kama da waɗanda aka gina musamman. Ina roƙon waɗanda suka san fannin su ƙara mini haske.

Tsohon Malami daga Damagaram ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Malaminku bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya dunƙule maganar da yawa, kuma ya fi karkata ga yaƙin da yake tafe, alhali abin da ya riga ya faru a cikin gida ya fi kusa da waɗannan labarai.

A watan Mayu na 1936 ƙawancen jam'iyyun masu ra'ayin talakawa, wanda ake kira Front populaire, ya ci zaɓe, Léon Blum ya zama firaminista, ma'aikata suka mamaye masana'antu suna yajin aiki cikin kiɗa da rawa, kuma cikin 'yan makonni aka ba su ƙarin albashi, da aikin sa'o'i 40 a mako, da hutun mako biyu a shekara wanda ake biyansu kuɗinsa. A wannan lokaci Gabin shi ne fuskar lebura a allon sinima, da hularsa ta hana-sallah da taba a gefen baki da maganarsa ta 'yan unguwa, har ma'aikacin da ya sayi tikiti ranar Asabar yake jin kamar ɗan'uwansa ne yake kallo. To amma murnar ba ta daɗe ba. Blum ya sauka a watan Yuni na 1937, tsadar kaya ta cinye ƙarin albashin, a watan Satumba na 1938 aka miƙa wa Hitler wani yanki na ƙasar Cekoslobakiya a taron Munich, a watan Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Daladier ta warware dokar sa'o'i 40 ta kuma murƙushe yajin aikin gama-gari da aka kira domin kare ta. Le Jour se lève ya fito a watan Yuni na 1939, saura wata uku a fara yaƙi. Ka sake duba shi da wannan a zuciyarka: lebura guda ɗaya a kulle a ɗakinsa a ƙololuwar bene, abokan aikinsa sun taru a ƙasa suna kiransa ya sauko amma babu abin da za su iya yi masa, sannan 'yan sandan kwantar da tarzoma su zo su tarwatsa su. Mai kallo na wancan lokaci ba ya bukatar a ambata masa sunan gwamnati kafin ya gane. Ana ma ba da labarin cewa bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, wasu a gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, sun ɗora wa Le Quai des brumes laifin kashe wa jama'a gwiwa, Carné kuwa ya mayar musu da cewa na'urar auna yanayi ba ita take kawo hadari ba.

Game da ƙaddara kuwa, kada ka ɗauka irin wadda muka sani ce, wadda muke cewa ta riga fata, muna nufin hukuncin Ubangiji da bawa yake karɓa da haƙuri. Jacques Prévert, wanda ya rubuta maganganun finafinan Carné guda biyu da ka ambata, mutum ne da ba ya ga maciji da coci, kuma kafin wannan ya yi shekaru yana rubuta wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikata mai suna Groupe Octobre wasanni. A wurinsa abin da yake hallaka mutum yana da fuska da adireshi. A Le Quai des brumes akwai Zabel, mai kanti mai taushin murya da son waƙoƙin ibada, wanda yake riƙon Nelly, budurwar labarin, yana kuma sha'awarta har ya kashe saurayinta, akwai kuma Lucien, ƙaramin ɗan daba matsoraci wanda Jean, jarumin labarin, ya mara a bainar jama'a, shi ya sa bai iya ramawa ba sai ta baya da bindiga. A Le Jour se lève akwai Valentin, mai wasa da karnuka a dandali, wanda ƙarya ta zame masa numfashi, kuma shi ne da kansa ya shigo da bindigar ɗakin François, jarumin labarin, ya ajiye ta, ya yi ta tsokanarsa har aka harbe shi da ita.

Bayan mutane kuma akwai halin rayuwa, wanda shi ne ya fi ƙarfi a ganina. Jean soja ne na rundunar mulkin mallaka da ya yi aiki a Tonkin, a arewacin Vietnam ta yau, ya gudu daga bakin aiki, ya iso tashar jiragen ruwa ta Le Havre da dare ba shi da kuɗi, ba shi da takardu, kayan jikinsa ma shaida ne a kansa. Fasfon da ya samu na wani mai zane ne da ya shiga teku ya kashe kansa ya bar masa tufafinsa, wato tun tsakiyar labari yana yawo da sunan mamaci. François maraya ne da yake aikin fesa yashi a kan ƙarfe a wata masana'anta, yana shan madara domin ƙurar da take cin huhunsa, kuma furannin da yarinyar ta shigo da su wurin aikinsa sun yi yaushi kafin su gama hira. Irin waɗannan mutane an rufe musu ƙofofi tun kafin a fara fim. Soyayya ba ita take kashe su ba, abin da take yi shi ne ta ba mutumin da ba shi da komai wani abin da zai ji tsoron rasawa. Jean ya riga ya hau jirgin da zai kai shi Venezuela, da ya zauna da ya tsira, amma ya sauko domin ya sake ganin Nelly, a nan ya tarar da Zabel yana neman cutar da ita, ya kashe shi, sannan Lucien ya same shi a titi.

Fim ɗaya ne a cikinsu ya ɗauki ƙaddara a matsayin abin da yake cikin jini, shi ne La Bête humaine na Jean Renoir, na 1938, kuma wannan tunanin Émile Zola ne daga littafinsa na 1890, inda direban jirgin ƙasa Jacques Lantier yake ganin shaye-shayen kakanninsa ne ya gurɓata masa jini har yake jin sha'awar kashe macen da yake so.

Uwargida Mai Nazari ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Ina neman izini in ɗan saɓa maka a wuri biyu, domin kada ƙanena ya tafi da ɓangare guda.

Na farko shi ne batun shekaru. Idan faɗuwar gwamnatin Blum ce ta haifi wannan baƙin ciki, to me za mu ce da La Bandera na Duvivier, wanda ya fito tun 1935, inda Gabin ya kashe mutum a Paris, ya gudu ya shiga rundunar sojojin haya ta Sifaniya a Maroko, ya kuma mutu a can? Pépé le Moko ya fito a watan Janairu na 1937, lokacin da Blum yake kan kujerarsa. Mafi ban mamaki shi ne La Belle Équipe, wanda aka yi a tsakiyar damina mai albarka ta 1936, labarin abokai biyar marasa aiki da suka ci faranka 100,000 a caca suka haɗa kai suka gina wurin shaƙatawa a bakin kogin Marne. Ƙarshen da Duvivier ya so shi ne Gabin ya harbe amininsa saboda mace, mai zuba kuɗi ne ya matsa aka sake ɗaukar wani ƙarshe mai daɗi aka kai shi gidajen sinima. Ashe duhun yana nan tun ana cikin biki. Tushensa ya girmi siyasar 1936: littafin Pierre Mac Orlan da aka ɗauko Le Quai des brumes daga ciki na 1927 ne, na Eugène Dabit da ya zama Hôtel du Nord na 1929 ne, kuma tun kafin nan mawaƙa mata irin su Fréhel da Damia suna cika dandali da waƙoƙin matuƙan jirgin ruwa da karuwai da masoyan da aka yaudara. Kada kuma mu manta cewa mutanen da suka kalli waɗannan finafinai su ne dai suke cika sinima domin barkwancin Fernandel da labaran Marcel Pagnol na Marseille. Mu da muka san abin da ya faru a 1940 ne muke waiwaya mu tsinci finafinan baƙin ciki mu ce annabci ne. Ni ina ganin kasuwa ma tana da hannu, domin da aka ga mutuwar Gabin tana kawo kuɗi, masu zuba jari ba su da dalilin barinsa ya rayu.

Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne a tambayi wa yake kashe wa. A La Bête humaine Lantier ne ya soke masoyiyarsa Séverine da wuƙa. A Gueule d'amour na Jean Grémillon, na 1937, Gabin ne ya shaƙe matar da ta wulaƙanta shi. Duk da haka kyamara takan tsaya a kan fuskarsa, kiɗa ya tashi dominsa, a nemi mu tausaya masa, ita kuwa an wuce wurinta. Abin da ake sanya wa sunan ƙaddara sau da yawa kishi ne da zafin zuciyar namiji. François bai harbi Valentin domin ƙurar masana'anta ba, ya harbe shi ne domin ya gano cewa irin abin adon maƙalawa a riga da Valentin yake bai wa duk macen da ya yi tarayya da ita yana wurin Françoise, yarinyar da ya ɗauka babu wanda ya taɓa sani.

Kuma ku lura da yadda ake raba mata gida biyu. Akwai yarinyar da ake mafarki, akwai kuma wadda ta san duniya, take son jarumin tsakani da Allah, shi kuwa ya mayar da ita wurin hutawa kafin ya sami wadda yake so. Clara, wadda Arletty ta fito a matsayinta a Le Jour se lève, ita ce mutum mafi gaskiya a fim ɗin gaba ɗaya, ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ba ta yaudari kanta ba, kuma a ƙarshe ita ce take jinyar kishiyar tata a ɗakinta yayin da namijin yake can sama yana shirin mutuwa. Inès ta Pépé le Moko haka take, sai dai ita da aka ƙure ta sai ta kai rahotonsa. Idan ana neman waɗanda aka rufe wa ƙofa da gaske, to a dubi Nelly mai shekara 17 a hannun mariƙin da yake sha'awarta, da Séverine wadda ubangidanta attajiri ya lalata tun tana yarinya sannan ya aurar da ita ga ma'aikacin tashar jirgi. Namijin yakan mutu cikin minti ɗaya ya huta, ita kuwa Nelly an bar ta durƙushe a titi, kuma babu wanda ya damu ya gaya mana inda za ta kwana.

Ban faɗi wannan domin in hana kowa kallo ba, ni kaina ina son finafinan ƙwarai, musamman Hôtel du Nord, inda matasa biyu da suka yi alkawarin mutuwa tare suka kasa, suka rayu, aka bar mutuwar ga Edmond na Louis Jouvet, tsohon ɗan daba da ya gaji da ɓuya ya miƙa kansa ga masu nemansa a daren bikin 14 ga Yuli.

Mai Kyamara ya amsa:

Gaisuwa ga Baba Malam da Hajiya. Ni sana'ata ɗaukar hoto ce, don haka zan tsaya a kan tambaya ta biyu, wadda ba a taɓa ba tukuna.

Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba, gina su aka yi. Alexandre Trauner, ɗan asalin Hangari wanda ya koyi aiki a hannun Lazare Meerson, shi ne ya tsara wuraren finafinan Carné. Domin Hôtel du Nord ya sake gina mashigin ruwan Saint-Martin da gadarsa da otal ɗin a filin situdiyon Billancourt, alhali na ainihin yana nan a cikin Paris. Dogon benen Le Jour se lève shi ma ginin situdiyo ne, an tsayar da shi shi kaɗai a bakin fili, siriri, ya fi duk gidajen da suke kewaye da shi tsawo, domin tun kafin ka san sunan mutumin ka riga ka ga kaɗaicinsa. Yawancin lungunan Kasba, tsohuwar unguwar birnin Aljas na Aljeriya, da ka gani a Pépé le Moko su ma a situdiyo aka yi su kusa da Paris. Zahirin da ake nufi yana cikin zaɓen mutane da sana'o'insu da tufafinsu da harshensu, waƙar kuwa tana cikin yadda ake tace wurin, a cire duk abin da ba ya ƙara wa yanayin nauyi, abin da ba zai yiwu a titi na gaske ba inda rana da motoci da 'yan kallo ba sa jin umarnin kowa.

Hasken kuwa daga Jamus ya zo. Bayan Hitler ya hau mulki a 1933 ƙwararru da yawa sun bar Berlin, daga cikinsu akwai Eugen Schüfftan da ya ɗauki Le Quai des brumes, da Curt Courant da ya yi aiki a La Bête humaine da Le Jour se lève. Su ne suka zo da dabarar barin rabin fuska a duhu, da jiƙa duwatsun titi domin su mayar da hasken fitila, da ɗora siririn haske a kan idanun Gabin kaɗai. Hazon Le Havre ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura da bushe leɓe, tururin teku ne mai danshi, amma aikinsa a hoto ɗaya ne: yana share nesa, sai mutum ya ga taku goma a gabansa daga nan babu komai. Wanda yake neman hanyar fita kuma aka hana shi ganin sararin sama, to hoton ya riga ya yanke masa hukunci.

Inda aka fi nuna gwaninta shi ne tsarin Le Jour se lève. A minti na farko ana jin harbi a bayan ƙofa, mutum ya fito yana riƙe da ciki ya gangaro daga matattakala. Daga nan sauran labarin waiwaye ne, sau uku François yana komawa baya cikin tunaninsa yana dawowa ɗakin, kuma wannan tsari baƙo ne a lokacin har sai da aka rubuta bayani a farkon fim domin kada masu kallo su rikice. Saboda haka duk murmushin da ya yi wa Françoise kana kallonsa ne alhali ka san inda zai ƙare. Ɗakin ma yana ƙanƙancewa a hankali: harsashi ya fasa taga da madubi, ya tura kabad ya tokare ƙofa, ashana ta ƙare masa sai ya riƙa kunna taba da wutar wadda ta gabace ta, kiɗan Maurice Jaubert kuwa yana bugawa a ƙasa-ƙasa ba ya tsayawa. Masanin finafinai André Bazin ya yi dogon nazari a kan kayan wannan ɗaki, ya nuna babu ko ɗaya da aka ajiye a banza. Agogon da François ya saita domin tashi aiki yana kaɗawa ne bayan ya mutu, hayaƙi mai sa hawaye da 'yan sanda suka jefa yana cika ɗakin da babu mai shaƙarsa.

Sai dai ba kowa ne ya bi hanyar situdiyo ba. Renoir ya ɗora kyamara a kan jirgin ƙasa na gaske tsakanin Paris da Le Havre, Gabin ya koyi tuƙa shi. Jean Vigo kuwa ya ɗauki sassa da yawa na L'Atalante na 1934 a kan kwale-kwalen dakon kaya a cikin sanyi, ya rasu a wannan shekara yana da shekara 29, kuma a nasa labarin ango da amarya sun rabu sun sake haɗuwa da ransu.

Ɗalibin Faransanci ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Yaya game da Clara ta sa zan sake kallon fim ɗin da wani ido. Akwai abu biyu da suka rage mini. Da Malam Mai Kyamara ya ce a situdiyo aka gina Kasba, sai na tuna cewa a Pépé le Moko mutanen Aljeriya kusan ba su da bakin magana a garinsu, to yaya ya kamata mu da kakanninmu suka zauna a ƙarƙashin Turawa mu ɗauki wannan? Sannan me ya kashe salon, tunda ban ji ana ambatonsa bayan yaƙi ba?

Tsohon Malami daga Damagaram ya sake amsawa:

Kafin in zo gare ka, ɗana, bari in ce wa 'yata Uwargida shekarun da ta kawo daidai suke, amma akwai abin da ya sauya a tsakaninsu. A 1935 Gabin ya mutu a cikin runduna, a 1936 yana da abokai huɗu, a Pépé le Moko yana da yaransa da unguwa guda da take ɓoye shi. A 1938 kare ne kaɗai yake binsa, a 1939 kuwa ko karen babu. Baƙin cikin tsoho ne, na yarda, amma kaɗaicin sabo ne, kuma ya ƙaru daidai da yadda haɗin kan ma'aikata ya riƙa warwarewa. A kan batun mata ba ni da abin da zan ƙara a kan nata.

Game da Kasba, ka taɓo inda yake da ciwo. Fim ɗin ya fito shekara bakwai bayan Faransa ta yi bikin cika shekara 100 da mamaye Aljeriya, kuma yana buɗewa ne da 'yan sanda a gaban taswira suna kwatanta unguwar kamar wani rami mai cike da haɗari. Tsohon birnin Aljas, mai masallatai da makarantu da iyalai, an mayar da shi kurkukun Bafaranshe guda da yake kewar Paris. Ka lura ma cewa abin da Pépé yake so a jikin Gaby, matar da ta zo daga Paris, shi ne garinsu, shi ya sa hirarsu ta soyayya lissafin titunan Paris ce. Sufeto Slimane, ɗan ƙasa mafi muhimmanci a labarin, Bature ne ya fito a matsayinsa, Lucas Gridoux, ko da yake a kiɗan an sa hannun mawaƙin Aljeriya Mohamed Iguerbouchène, kuma masu zuba kuɗin, Robert da Raymond Hakim, haifaffun Iskandariya ne ta Masar. A daidai wannan zamani dokar Laval ta 1934 ta sa ba a ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa take mulka, har da Nijar, sai da izinin gwamna, wanda a aikace ya hana 'yan ƙasa riƙe kyamara har kusan samun 'yanci. Idan kana son ganin wannan unguwa da mutanenta a tsakiyar labari, ka nemi La Bataille d'Alger na Gillo Pontecorvo, na 1966, wanda aka ɗauka a cikin lungunan na gaske.

Abin da ya kashe salon kuwa yaƙi ne da abin da ya biyo bayansa. Hukuma ta hana nuna irin waɗannan finafinai da hujjar suna karya zuciya, Jaubert ya mutu a fagen fama a watan Yuni na 1940, Renoir da Duvivier da Gabin da Michèle Morgan, wadda ta fito a matsayin Nelly, suka tafi Amurka, daga baya Gabin ya shiga rundunar Faransa mai 'yanci ya yi yaƙi a cikin tankar yaƙi a ƙarƙashin Janar Leclerc. Carné da Prévert sun zauna, suka koma labaran zamanin da, suka yi Les Enfants du paradis wanda ya fito a 1945, Trauner da mawaƙi Joseph Kosma suna yi musu aiki a ɓoye domin Yahudawa ne. Da suka yi ƙoƙarin komawa tsohon salon a 1946 da Les Portes de la nuit, sai suka sa ƙaddara ta fito a siffar mutum, wani almajirin titi da Jean Vilar ya taka, yana yawo yana faɗa wa kowa yadda zai ƙare. Mutanen da suka ga mamaya da yunwa da sansanonin kisa da idonsu ba su karɓi wannan ba, ga kuma finafinan Italiya irin na Roberto Rossellini da aka ɗauka a titunan da yaƙi ya ragargaza, waɗanda suka sa tashar jirgin da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina a situdiyo domin wannan fim ta zama abin zolaya. Fim ɗin ya faɗi, haɗin gwiwar mutanen biyu ya watse ba da daɗewa ba. Amurkawa kuwa sun kwashi abin da suke so: sun sake yin Pépé le Moko a 1938 da sunan Algiers, sun sake yin Le Jour se lève a 1947 da sunan The Long Night tare da Henry Fonda, inda suka bar jarumin ya fito da ransa, har kamfanin RKO ya nemi ya tattara kwafin na asali ya lalata, Allah ya sa wasu suka tsira.

Tunda harshe kake koyo, ka fara da La Bête humaine da Remorques na Grémillon, domin maganarsu ta fi sauƙin kamawa, ka bar Pépé le Moko da Hôtel du Nord sai kunnenka ya ƙara nuna, saboda yaren 'yan daban Paris na wancan zamani da Henri Jeanson ya zuba a cikinsu yana ba Faransawan yau ma wahala. Idan za ka sake kallon Le Jour se lève, ka nemi kwafin da aka gyara a 2014, wanda aka mayar masa da guntayen da masu tace finafinai suka yanke, kuma ka kunna rubutun Faransanci a ƙasan allo maimakon fassara.